Ƙodar da ta Rage wa Luba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana, Likita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da hanya. Allah ya sa takardar nan ta tarar ka sauka lafiya, ka sami masauki na kirki da maƙwabta masu tsoron Allah. Allah ya tsare ka daga masu tare hanya, ya haɗa ka da malamai masu haƙuri, ya sa ka gama horon da ka tafi cikin ƙoshin lafiya. Babanku yana gaishe ka, ƙanwarka Luba ma haka.

Ba labarin gida za ni ba ka ba, wannan babanku zai yi a waya. Kai ɗan fari ne. Tun da na haife ka ban kira sunanka ba, ban zauna tabarma ɗaya da kai mun yi doguwar magana ba. Haka aka rene ni, haka na rene ka. Abin da ke bakina ba zai faɗu ido da ido ba, shi ya sa na ɗauki biro. Kuma ka sani tun daga nan, da fushi nake rubutu.

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da aka haifi Luba da ƙari a gadon baya, abin da ku kuke kira sifaina bifida. A watan nan aka gaya mana ƙodarta ta hagu ta daina aiki. Ta dama ta kumbura, amma tana ja. Ita kaɗai ta rage. Ranar da muka dawo daga asibiti na ba ka labarin likitan da ya sa muka daina sa mata robar fitsari. Ka saurara kana kallon ƙasa, sannan ka ce, "Inna, kada ki ga laifinshi. Wanga ciwo ba a koya muna shi sosai. Na likitocin yara na."

Ina kwasar tuwo lokacin. Na ajiye mara, don da ban ajiye ta ba a kanka za ta sauka.

Wannan likita da ka kare, horon da ka tafi yi shi yake yi, na tiyatar ƙoda da mafitsara. Nan da 'yan watanni kai ne za ka zauna a irin kujerarsa, wata uwa ta turo maka ɗiyarta da sanduna biyu. Don haka za ni jera maka yadda muka ci ƙodar Luba, ni da shi. Rabona ya fi nasa yawa, kuma ban rubuta don ka ce mini "ba komai, Inna" ba. Akwai komai.

Da aka haife ta, ungozoma ta juya ta, ta yi salati. Wani ƙullutu ne a ƙasan baya kamar ƙwan agwagwa, fatarsa siririya har ana hango ruwa. Muka kai ta birni aka rufe bayan. Ranar sallama likitan ya tsaya yana yi mini bayani, na tuna ya ambaci fitsari, ya ambaci ƙoda. Ban ji shi ba. Tambaya ɗaya ce a bakina: za ta yi tafiya? Dangi duka ƙafa suke yi wa addu'a. Da ta taka ƙasa da sanduna tana da shekara huɗu, na toya masa na raba wa unguwa. A duk tsawon shekarun nan kullum a jiƙe take. Tsohuwa ta ɗauke ta, ta ji ɗumi a cinya, sai ta ce, "Madalla, hanya buɗe take." Na yarda. Ni da nake koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata a Isa, nake zana wa ɗalibai ƙoda biyu da mafitsara a allo, in sa su maimaita, in koma gida in shanya tsummokaran ɗiyata ban tambayi kaina komai ba.

Abin da ke faruwa a cikinta shi ne wannan, kuma sai da ya yi ɓarna na fahimta. Jijiyoyin da ke gaya wa mafitsara ta riƙe ko ta saki sun lalace tun a ciki. Mafitsarar tana matsewa, ƙofar ta ƙi buɗewa yadda ya kamata. Abin da ke ɗiga waje ambaliya ce kawai, irin ta tulun da ya cika aka bar shi ƙarƙashin famfo. Sauran yana komawa sama. Ka ga yadda gulbi idan ya cika yake tura ruwa baya cikin fadama har dawa ta ruɓe a tsaye? Haka fitsari ke yi wa ƙoda, a hankali, ba ƙara, ba zafi. Don haka duk ranar da mai irin wannan ciwo ya ce maka "ai ina fitsari," ka ɗauka bai gaya maka komai ba tukuna. Ka auna abin da ya saura a ciki. Ka dubi ƙodar. Iyaye za su cika ka da maganar ƙafa, domin ƙafa ake gani. Ka amsa musu, sannan ka riƙe su har sai sun ji ɗaya maganar, ko da za su ce likitan nan ya cika naci.

Tana da shekara bakwai zazzaɓi ya riƙa kayar da ita, a yi maganin sauro ya tafi, ya dawo. A sashen yara wata likita ta sa aka yi hoton ciki, ta nuna mini ƙodojin sun fara kumbura. Ta haɗa ni da wata nas, ta koya mini robar: siririya ce, a wanke hannu, a sa, fitsarin ya fita duka, a zare, a wanke, a shanya. Na ce sau nawa? Ta ce, "Kina salla? To kafin kowace salla, da kuma kafin ta kwanta." Na dawo gida da robobina ina jin kamar an ba ni makullin gari.

Gwaggonku Kulu, yayar babanku, ta zo daga Unguwar Lalle duba jiki, ta tarar ina shanya robar.

"Malama, mi za ki yi da wagga aba?"

Na gaya mata. Ta dafe ƙirji.

"A gaban ɗiya mace? Ɗiyar da ko lafiyarta lau sai an yi addu'a ta samu miji? Ɗan abin da Allah ya bar mata shi za ki ɓata da hannunki? Wallahi boko bai yi miki rana ba."

Na ce Yaya Kulu, hanyar fitsari dabam, wancan wurin dabam, robar ba ta zuwa kusa da budurci.

Ta ce, "To sai ki ɗauki allonki ki bi gari gida gida ki zana musu."

Ka ji inda ta kayar da ni. Na san gaskiya tawa ce, na kuma san ba za ni iya bin gari da allo ba. Na naɗe robobin na tura ƙasan akwati. Damina biyu suna can. Ina ce wa kaina bari maganar ta lafa, bari yarinyar ta ƙara wayo. Da muka koma asibiti likitar nan ta dubi hoton, ta ɗago ta dube ni. Na gwammace da ta mare ni.

Saboda haka idan ka koyar da robar, kada ka ɗauka aiki ya ƙare don uwa ta gyaɗa kai. Ka tambaye ta wa ke da magana a gidan. Kowane gida yana da Kulunsa, kuma Kulu ba muguwa ba ce, tana son Luba har gobe. A kira ta ta zauna a gabanka. Kalmar budurci kuma kai za ka fara furta ta, da Hausa, kafin su tafi da ita a ciki. In kunya ta hana ka, ka nemo nas mace ta faɗa kana tsaye. Amma a faɗa.

Bayan mun fara sa robar sai na ɓullo da wata wautar. Ko ana sa roba, ɗigon ba ya yankewa gaba ɗaya. A Islamiyya yara suka sa mata suna Mai Zarni, suna matsawa idan ta zauna. Ta dawo tana kuka, ni kuma na yi dabara irin ta masu ilimi: in ba ruwa, ba fitsari. Na rage mata sha. Ka san bazarar Sabon Birni, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Yarinya ta tsaya jikin randa tana kallona, in ce sai kin dawo. Ga maganin da aka ba ta na sassauta mafitsara yana busar da baki. Fitsarin ya koma kalar shayi ba madara, warin ya ninka, cikinta ya ɗaure ta yi kwanaki ba ta zaga ba, kuma ashe cushewar hanji ma tana danne mafitsara. Zarnin da nake gudu ni na dafa shi.

Da ta kai shekara goma sha uku ta ce za ta yi azumi kamar kowa, na bar ta, har ina alfahari. Ni da na zauna gaban malam na karanta hukuncin mai yoyon fitsari, na san shari'a ta ɗauke masa nauyi, alwalarsa tana nan, sallarsa karɓaɓɓiya ce, na san mara lafiya an yi masa rangwamen azumi. Allah ya sauƙaƙa, ni na tsananta, don kada a ce ɗiyar Malama tana cin abinci da rana. A tsakiyar watan aka kwantar da ita da ƙarin ruwa a hannu biyu.

Ka tambayi majinyacinka ruwa nawa yake sha, kuma kada ka yarda da amsar farko, duk suna rage sha, duk suna ɓoyewa. Ka tambaye shi yaushe rabonsa da bayan gida. Idan Sha'aban ya kama, kai ka tayar da maganar azumi. Likitan da ke aiki a ƙasar nan bai san watan azumi yana tafe ba, ban san a wace ƙasa yake zaune ba.

Yanzu ga wanda ya shafe ka kai tsaye. Na ɓoye muku. Babanku ne ke sayo robobin a Maraɗi idan ya kai kaya, can sondi suke ce musu. Shekara da shekaru yana miƙo mini baƙar leda a ɗaure, bai taɓa kwance ta ba, ni ma ban taɓa cewa ya kwance ba. Kai kuwa a wajen kakarka ka yi ƙuruciya, daga nan makarantar kwana, daga nan jami'a. Idan ka zo hutu kana ganin mun shige ɗaki ni da ita kafin kowace salla, mun tura ƙofa. Na tabbata ka ɗauka alwala nake taya ta. Na rene likita a gida ɗaya da ciwon da zai yi wa aiki, na sa labule tsakaninsu, ina kiran abin tarbiyya.

Ita kanta ma na ɓoye mata jikinta. Har ta shekara goma sha shida ba ta taɓa riƙe robar da hannunta ba. Ni ke sawa. Ina zuwa Isa da safe in dawo kafin la'asar, ta azahar kuwa sai dai ta jira ni. Ina ganin ba daidai ba ne budurwa ta riƙa taɓa wurin, ina kuma jin daɗin cewa ba mai iyawa sai ni. Wannan na biyun ya fi muni, amma gaskiya ne.

Sai ranar da 'yan bindiga suka tare hanya tsakanin Isa da gida. Ba mota, ba babur, ga layin waya a yanke. Na kwana a makaranta, na sake kwana, na sake. Babanku yana Nijar. Ba wanda ke gidan sai ita da wata tsohuwar maƙwabciya da ba ta san komai ba. Da hanya ta buɗe na shigo gida ba ko sallama. Na tarar da ita zaune bakin gado, madubin kwalliyata a ƙasa jingine da kwano, zanen da ke gefe da ɗigon jini. Ta yi ta lalube har ta samu hanya da kanta.

Na fara kuka. Ta ce, "Inna, bar kukan. Da kin mutu can fa? Wa kika bar ma ni?"

Kai dai ka riƙe: da zarar hannun yaro ya iya riƙe cokali da kyau, ya kusa iya riƙe roba. Ka dubi mai ciwon ka yi magana da shi, ka daina yi da uwar da ke tsaye a kansa. Ka sa ta fita ma in ta kama. Mu iyaye mun iya amsa tambayar da ba mu aka yi wa ba. Kuma idan za ka ce wa mutum ya dawo bayan wata kaza, ka duba katinsa ka ga daga ina ya zo. Mutumin Sabon Birni ba ya cewa "sai wata mai zuwa" sai ya ƙara da "in hanya ta yi kyau." Ka ba shi abin da zai riƙe kansa da shi idan hanyar ta ƙi: alamun da za su sa ya taso ko ana harbi, da waɗanda zai iya jira. Ni ba a ba ni ba, ban kuma tambaya ba. Hoton ƙoda da ake so a yi duk shekara na tsallake shi ya fi sau ɗaya. In dube ta in ga ba zazzaɓi, in ce lafiya lau, me zai kai mu bakin bindiga? Na manta daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta jin zafi irin namu. Jikin da ba ya kuka shi nake jira ya kira ni.

Daga nan sashen yara suka ce ta girma, mu koma wajen manya. Bara muka je wani asibiti da aka tura mu, ba za ni faɗi sunansa ba. Layi cike da tsofaffin maza, kowa da jakar fitsarinsa a cikin babbar riga, sai ɗiyata ita kaɗai a tsakiyarsu. Ta raɗa mini, "Inna, kin kawo ni zaɓen miji?" Na ce rufe mini baki.

Likitan da ya gan mu yaro ne sa'anka. Ba mugu ba ne, ka ji ni da kyau. Ya miƙe ya gyara mata kujera, ya ce Mama sannu da hanya. Ya duba takardar gwajin fitsari ya ga ƙwayoyin cuta.

"Mama, wannan robar ce ke shigar mata da su. Tana fitsari da kanta?"

Luba ta ce, "Yana zuba dai."

"To alhamdu lillahi. A daina robar, ta sha wannan maganin, ta riƙa sa famfas. Roba kullum ba ta da kyau."

Na ce likitar yara ta ce kada mu kuskura mu daina.

Ya yi murmushi. "Lokacin tana ƙarama ne, Mama."

Luba ta mintsine ni a cinya. Na karɓi takardar magani muka fito. A mota ta ce, "Inna, wanga bai san ciwona ba. Ko bayana bai duba ba." Na ce ke likita ce? Da muka iso gida na tattara robobin na kulle.

Ka tambaye ni dalili. Na sha tambayar kaina. Na gaji, wannan ɗaya ne. Shekaru ina tafasa ruwa ina shanya roba, sai ga mai farar riga ya ce an gama, kuma ina so ya zama gaskiya. Na biyu kuwa, yaron nan yana riƙe biro yadda kake riƙewa. Na dube shi na ga ɗana, na ce yaran nan sun sha wahalar karatu, ba za ni zama irin uwayen nan masu gardama da likita ba. Ni da ba na barin kuskuren ɗaliba ya kwana a littafi, na bar wannan ya ci damina guda a jikin ɗiyata. Ba ta ji zafi ba. Ta dai rame, abinci ya fita ranta, sannan amai, sannan fuska ta kumbura. Babban likitan da ya karɓe mu a karo na biyu ya daɗe yana kallon hoton, ya ce, "Wa ya ce ku daina?"

Ba rashin sanin yaron nan ke ƙona mini rai ba. Ba wanda aka haifa da sani. Abin da ba za ni yafe ba shi ne bai san bai sani ba, ko kuwa ya sani ya ji kunyar faɗa a gaban mata biyu 'yan ƙauye. Da ya ce, "Mama, ban saba ganin irin wannan ba, ku jira in tambayi na gaba da ni," da mun jira har magariba muna yi masa addu'a. Ka koyi faɗin "ban sani ba" tun kana ƙarami a aikin, don in ka girma bakinka ba zai iya lanƙwasuwa ba.

Bayan abin ya faru na ɗauko babban littafinka na tiyata da ka bari a ɗaki, na nemi inda aka yi maganar masu sifaina bifida. Kafin shayina ya huce na gama karantawa. Sauran na bi su a waya, ina karantawa ina cizon yatsa. Ashe duk mai sa roba ba a rasa ƙwayoyin cuta a fitsarinsa, kuma in ba zazzaɓi ba wata alama, ba dalili ba ne na ɗura masa magani, balle a raba shi da robar. Ashe akwai gwajin da ake cika mafitsara da ruwa a auna ƙarfin matsewarta, kuma ba a taɓa yi wa Luba ba. Ashe gwajin jinin ƙoda yana iya nuna lafiya ga mai siraran ƙafafu alhali ƙodar tana mutuwa. Har leɓenta da ke kumbura duk Sallah in ta hura balan-balan, muna dariya, ashe da yawan masu ciwon nan jikinsu ba ya shiri da robar balan-balan, irin ta safar hannun da kuke sawa ku shiga cikin mutum. Ni malamar makaranta na tsinto wannan a waya mai fasasshen gilashi. Kai da za a ba ka wuƙa, me zai hana ka?

Ka ce na likitocin yara ne. To likitocin yara sun yi nasu. Sun rufe baya, sun raya jariran da a zamanin kakarka ake binnewa kafin suna. Yaran sun girma. Suna da gemu, suna da nono, suna son aure, suna tambaya ko za su haihu, kuma ba wanda ya taɓa amsa wa Luba wannan. Ina kuke so su je? Su koma cikin zanen goyo don ku huta? Na san abin da ke ɗaukar hankali a sashenku, tsakuwar ƙoda da toshewar fitsarin tsofaffi, aikin da ake yi a gama, a yi godiya, a tafi. Mai sifaina bifida ba ya gamuwa. Zai riƙa dawo maka har ɗayanku ya mutu. In ba ka son irin wannan majinyaci, da sauran lokaci, ka koma gyaran ido.

Da safen da za ka tafi, ka tsaya a zaure ka ce wa babanku in ta kai ga dashe za ka ba Luba ƙodarka. Ba ni ka gaya wa ba, ba ita ba. Ya shigo yana share ido da hannun riga, yana cewa Allah ya yi wa yaron nan albarka. Na ce amin, don albarka ba a hana ɗa. Amma raina ya ƙara ɓaci. Luba kuwa dariya ta yi, irin wadda ba na so.

Ta ce, "Yaya bai taɓa tambayata yadda nike fitsari ba, amma zai ba ni ƙoda. Ashe yanka ya fi tambaya sauƙi. Ki ce mishi ya riƙe abarshi."

Ta fi ka gaskiya ko ta fuskar aikinka. Mafitsarar da ta kashe ta hagu, take shaƙe ta dama, ita za a ɗora wa taka. Za ta cinye ta kamar yadda ta ci na farko, mu tashi da 'ya'ya biyu masu ƙoda ɗaiɗai, ko ma ɗa ɗaya. Ba na son ƙodarka. Kanka nake so, da bakinka.

Ga inda muke. Ta koma kan robar, da hannunta, kuma makullin akwatin yana wurinta. Babban likitan ya ce in matsin mafitsarar bai sauka da magani ba, sai an yi aikin faɗaɗa ta, kuma ba kowa ya iya ba, su ma ba su cika yi ba. In aka yi sake ta dama ta bi 'yar'uwarta, sai wankin ƙoda. Kai ka san abin da wankin ƙoda yake nufi ga wanda ke zaune Sabon Birni, a bi hanyar nan a dawo, a sake bi a cikin mako guda. Ka san inda yake ƙarewa, ba za ni rubuta sunansa ba.

Don haka a makon farko ka je wurin babban malaminku ka tambaye shi wa ke duba manya masu wannan ciwo. In ya ce ba kowa, ka tambaye shi ina ake yi, wa ya iya, ka nace har ya gaji da ganin fuskarka. Ka nemi izini ka riƙa zama a sashen yara ranar da suke ganin irinsu, ko abokanka za su yi maka dariya. Ka sa nas ta koya maka sa robar nan yadda ake koya wa uwaye. Ban ce ka zama likitan Luba ba, ɗan'uwa ba ya yanka 'yar'uwarsa. Ka nemo mata wanda ya sani, da wuri, tun ƙodar tana ja.

Kafin duk wannan, ka kira ta. Lambarta, ba tawa ba. Ka tambaye ta yadda take yi, da abin da ke fita, da kalarsa, da abin da take tsoro. Za ka ji kunya, ita ma za ta ji, za ta kuma yi maka baƙar magana, ka haɗiye. Ni na gina katangar nan tsakaninku, na sani, amma ba ni da sauran shekarun da za ni rushe ta a hankali. Na gaya mata za ka kira. Ta ce, "Mu gani." In wayar ta yi ƙara za ni ɗauki buta in fita tsakar gida, ba za ni dawo ba sai kun gama.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya tsare hannunka daga cutar da bawansa. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya buɗe hanyoyinmu, ya mayar da waɗanda aka sace aka kai daji gida. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka fi mu. Ya Allah, ƙoda ɗaya ta rage wa ɗiyata, ka riƙe mata ita har yayanta ya koyo.

Wassalam.

Innarka,
Sabon Birni.